Jan ɗigon da ya koɗe a idon Yaya Ɗahiru

A wannan watan Yaya Ɗahiru ya cika shekara bakwai a kabari. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba ni ce auta. Shi ya fara zuwa ƙasar nan karatu, daga baya ya jawo ni. Ya zauna a Birmingham yana aikin injiniyan gadoji, ni kuma na yi gaba zuwa Manchester, inda nake aikin akanta har yau. Duk shekara in lokacin ya zagayo, ’yan uwa sukan yi ta turo addu’o’i a waya, a sa hotonsa da babbar riga, a ce mutumin kirki ne, mai zumunci, ba ya faɗa da kowa. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ba mu taɓa faɗa wa kowa ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Bana na nemi izinin matarsa in rubuta shi a jarida, saboda tsoro nake ji, kuma na gaji da jin sa ni kaɗai.

Yaya Ɗahiru yana da bindiga.

Na san wani ya riga ya zaro ido. Kwantar da hankalinka, malam. Ba irin wadda ke hana mutanenmu bin hanyar ƙauye ba ce. Ƙaramar bindigar hannu ce mai aiki da iska, tana harba ɗan dalma da bai fi ƙwayar dawa ba, irin wadda ake gasar huda takarda da ita. Bindigar hannu ta gaske an hana farar hula riƙe ta a nan, amma wannan doka ta yarda babban mutum ya mallake ta, in dai ya san inda zai kai ta da yadda zai ɗauke ta. Wani abokin aikinsa Bature ne ya fara jan sa kulob ɗinsu, wani tsohon sito can gaba da Perry Barr, inda dattawa ke jeruwa ran Asabar da safe suna harbin takarda suna shan shayi. Ban yi mamakin abin ya shiga ransa ba. Tun muna yara a Gwarzo, in ka ga mangwaro ya faɗo babu iska, to Yaya yana kusa da danƙonsa.

Ranar da na fara ganinta, na zo musu ƙaramar Sallah ne. Na buɗe but ɗin motarsa a ƙofar gidansu a Sparkhill zan saka kulolin abinci, na ɗaga dardumar sallarsa, sai ga wani baƙin akwati. Ni da shegen son gani, na buɗe. Na mayar na rufe, na dubi titi hagu da dama, na shiga gida na ja shi kicin na turo ƙofa. Na ce masa a duk faɗin duniyar nan babu abin da zai fi tayar da hankalin ɗan sanda kamar ya ga bindiga a ƙarƙashin darduma, a motar baƙin mutum mai gemu, ɗan arewacin Najeriya. Na tambaye shi ko ya gaji da zaman lafiya ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Haba Ladingo,” in ji shi. “Wannan ko zakara aka harba da ita, sai dai ya yi fushi.”

Ladi ne sunana, shi kaɗai ke ce mini Ladingo. Na yi dariyar ni ma, don ba a iya daɗewa ana fushi da shi. Amma a hankali na gane dariyar tasa iyakarta baki. Shi ma tsoron yake ji, wataƙila ma ya fi ni. In mutanenmu suka tambaye shi ina yake zuwa ran Asabar, sai ya ce motsa jiki. Matarsa, Anti Saude, ta hana a ambaci sunan abin a gidan gaba ɗaya, sai dai a ce kayan aikin Abba. ’Yarsu Nafisa, wadda lokacin tana sakandare, an ja mata kunne kada ta kuskura ta yi zancen a makaranta. Ba zan ce tsoron banza ba ne. A shekarun nan kowannenmu ya san wani da aka tsare a filin jirgi ana juya masa tambayoyi saboda sunansa, ko wani ɗalibi da aka kira ofis kan wata magana da ya yi da wasa. Mun koyi taka ƙasa a hankali. Mun koya har ya wuce misali, ta yadda ko ba a tambaye mu ba mun riga mun shirya abin da za mu ɓoye.

Da ya haura hamsin idanunsa suka fara gajiya, kamar na kowa. ’Yan ƙarafan saiti da ke saman bindigar suka riƙa yi masa dishi-dishi. Sai dattawan kulob suka ba shi shawarar ya sayi madubin saiti mai jan ɗigo. Wani ɗan abu ne da bai kai akwatin ashana ba, ana ɗaura shi a bayan bindigar da ƙananan kusoshi. Gilashi ne tsaye kamar ’yar taga, da wata mitsitsiyar fitila a gindinsa mai aiki da batir irin na agogo. In ka leƙa ta cikin gilashin, sai ka ga jan ɗigo yana shawagi a kan duk abin da ka nufa. Inda ɗigon ya zauna, nan harbin zai sauka. Yaya ya so abin nan kamar me. Ya ce ya dawo masa da idon yarinta.

Ni da jahilcina na ɗauka irin na fim ne, wanda ake ganin jan haske ya sauka a ƙirjin mutum kafin a harbe shi. Da ya kwance shi daga jikin bindigar ya miƙo mini, har baya na ja. Ya ce in leƙa in nufe shi da shi. Na leƙa, na ga ɗigon a kan maɓallin rigarsa, na sauke na dubi rigar, babu komai. Ya yi mini bayani cewa hasken ba ya fita ko’ina, gilashin ne ke dawo da shi cikin idon mai leƙawa. Wanda ke tsaye kusa da kai ba zai gan shi ba, wanda ka nufa ma ba zai gan shi ba. Na ce masa to ashe abin ya dace da shi, tunda komai nasa shi kaɗai ke ganinsa. Wasa na yi a lokacin.

A shekararsa ta ƙarshe ya fara mitar batir. In mun yi waya, bayan gaisuwa da labarin gida, sai ya ce ɗigon nan ya rage haske. Ya sauya batir, bai gyaru ba. Ya ƙara masa haske har ƙarshe, bai gyaru ba. Ya mayar wa masu shagon, suka ba shi sabo, ya ce sabon ma haka yake, kayan yanzu duk babu inganci. Na tsokane shi, na ce tsufa ne ya zo, daga faɗa da rimot ɗin talabijin an koma faɗa da gilashi. Ban kawo komai a raina ba. Wa zai ji mutum yana ƙorafin batir ya yi tunanin mutuwa?

Wata Asabar cikin bazara na sauka a gidansu. Bayan azahar Anti Saude ta fita cefane Stratford Road da Nafisa. Suna fita ya kira ni ɗakin baya, inda yake ajiye takardunsa. Madubin yana hannunsa, ba a jikin bindigar ba. Ya miƙo mini ya ce in nufi farin bango.

“Wane launi kike gani?”

Na ce ja mana, ja jawur kamar tattasai, har yana cin ido, ya rage hasken. Ya karɓa. Ya rufe idon dama ya leƙa da na hagu. Ya rufe na hagu ya leƙa da na dama. Ya sake, ya kuma sakewa. Sannan ya zauna a bakin kujera ya ajiye abin a cinyarsa.

“Da hagu ja ne,” ya ce. “Da dama kuwa kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.”

Da dama yake harbi, shi ya sa duk watannin nan bai taɓa gwada ɗayan ba sai a makon. Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Mutum ne mai cika ɗaki da murya, sai ga shi ya yi tsuru, leɓensa na ƙasa yana motsi. Baba ne ya faɗo mini a rai, kuma na san shi ma shi ya faɗo masa. Mahaifinmu bai yi jinya ba. Ya dawo daga sallar la’asar ya ce kansa na sarawa, ya kwanta a zaure, kafin a samo mota ya cika. Wasu suka ce hawan jini, wasu suka ce jifa. Ba a bincika ba, don a garinmu a wancan lokacin ba a bincikar gawa. Ni da Yaya muka zauna a ɗakin nan babu wanda ya ambaci Baba.

Na ce masa ran Litinin ya kira GP, likitan unguwa, tun da safe. Ya ce to. Can sai ya ɗago ya ce, “In suka tambaye ni yadda aka yi na gane fa?” Na ce ya faɗa musu gaskiya, ai bai karya doka ba. Ya girgiza kai. Ya ce duk abin da ka faɗa wa likita a ƙasar nan sai ya shiga kwamfuta, kuma abin da ya shiga kwamfuta ba ya fita. Sunansa, addininsa, sannan kalmar bindiga a layi ɗaya. Ya ce bai san idon wa zai kai kanta ba nan da shekara goma, lokacin da Nafisa za ta nemi aiki. Na ce to ya ce jar fitilar kan titi ce ta koɗe masa. Ya ce ya gwada da manyan abubuwa, bambancin kaɗan ne, a ɗigon ne abin ya fito fili, kuma na san shi, in ya fara ƙarya sai in’ina ta kama shi. Wannan gaskiya ne. Muka yi ta ja-in-ja har muka ji motsin mabuɗi a ƙofa. Ya tura madubin cikin aljihu, ya fita yana tambayar Anti Saude ko ta samo kuɓewa mai kyau.

Ya je kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na kira shi ya ce, “Sun ce gajiya ce, Ladingo, glasses zan canza. Da sauƙi.” Na yarda, don ina son in yarda. Sai bayan rasuwarsa Anti Saude, wadda ta raka shi, ta gaya mini abin da ya faɗa a ɗakin likitan. Cewa ya yi idonsa na ɗan gajiya in ya daɗe a gaban kwamfuta. Shi ke nan. Bai ce ido ɗaya ba ne, bai ambaci ja ba, bai ambaci Baba ba. Aka sa shi ya karanta haruffa a bango, ya karanta. Aka tambaye shi ko akwai wani abu kuma, ya yi murmushi ya ce babu, ya yi godiya. Ban ga laifin likitan ba. Mu mutane ne da in ana duba mu a gadon asibiti, numfashi da ƙyar, amsarmu ita ce da sauƙi. A gida mai tambaya ya san ma’anar wannan, sai ya matso ya ƙara tambaya. A nan kuwa in ka ce lafiya kake, rubutawa ake yi lafiya kake.

Da kaka ta shigo, wata ranar Laraba da hantsi, yana shirin fita aiki ya dafe ƙeya ya ce wa Anti Saude bai taɓa jin ciwon kai irin wannan ba. Kafin ta kawo ruwa ya zube a corridor ɗin gidan. Ina ofis aka kira ni. Ban san yadda na kai tasha ba, ban san yadda na shiga jirgin ƙasan ba. Abin da na tuna kawai shi ne ina zaune ina kallon gonaki suna wucewa, bakina yana salati, kunnena yana jin muryarsa yana cewa zoɓon da aka cika wa ruwa. Na iske shi da injina a jikinsa. Washegari da rana Allah ya karɓi abinsa.

Likitar da ta zaunar da mu ta ce wata jijiyar jini ce ta kumbura a cikin kansa, ta daɗe tana girma, sannan ta fashe. Ta ce inda take, kusa da jijiyar idon dama ne, ta tambaye mu ko ya taɓa kukan ganinsa ya sauya. Muka dubi juna ni da Anti Saude. Na ce ya taɓa cewa ja ya koɗe masa a ido ɗaya. Matar nan ta ce wannan alama ce da suka sani, in abu yana danne jijiyar gani, jan launi na cikin abubuwan da ke fara dushewa. Ba ta ce da ya faɗa da ya rayu ba, kuma ni ma ba zan ce ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Ta dai ce da sun ji wannan da sun ɗauki hoton kan. Da ta ji labarin Baba, sai ta ce irin wannan yakan bi jini a wasu gidajen, ya kamata ’yan uwansa na kusa su je a duba su.

Na yi fushi da Yaya. Na faɗa ne a fili, don an ce ba a fushi da mamaci, ni kuwa na yi, har na tsawon shekaru. Mutumin da ke hawa ƙarƙashin gada da fitila yana neman tsagar da ba ta kai zare ba, yana rubuta rahoto a rufe hanya, shi ne ya ga tsaga a kansa ya sa hannu ya rufe. Ina tsaye ana wucewa da makararsa, ina kuka, ina kuma jin kamar in ja shi kicin in turo ƙofa.

Ko a zaman makoki tsoron bai bar mu ba. Gida ya cika da mata, ana ta dafe-dafe da gyare-gyare, Anti Saude tana zaune cikin mayafin takaba, amma hankalinta yana kan akwatin da ke saman durowa, kada wata mai son taimako ta jawo shi. A rana ta uku sai ga wasu dattawan Turawa a ƙofa, sun sha kwat, suna ta fama da igiyar takalmi don sun ga kowa ya cire nasa. Mutanenmu suka yi ta raɗa, su wane ne waɗannan. Na ce abokan motsa jikinsa ne. Sun zauna a ƙasa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ɗayansu yana share hawaye da hula. Da za su tafi na bi su waje da akwatin a cikin jakar cefane, na roƙe su su tafi da shi. Babbansu ya karɓa. Bayan mako guda ya dawo da madubin shi kaɗai a ’yar leda, ya ce wannan ba makami ba ne, gilashi ne da fitila, wataƙila iyali za su so su ajiye. Anti Saude ta ce ba ta son ganinsa. Ni na saka shi a jakata.

Ban je hoton da likitar ta ce ba. Na ce sai an yi arba’in, sai an gama rabon gado, sai aiki ya yi sauƙi, sai bayan azumi. Gaskiyar magana ita ce ina tsoron a saka ni cikin injin nan a fito a ce ga kumburarriyar jijiyar nan a kaina. Maimakon haka sai na ƙirƙiro wa kaina asibiti. Duk Juma’a da safe kafin in fita, nakan tsaya a tagar gidana a Cheetham Hill, in kunna ɗigon Yaya, in nufi farin bangon wani sito da ke tsallaken titi. In rufe hagu in leƙa da dama, in rufe dama in leƙa da hagu. In na ga ja a duka biyun, sai in ce alhamdulillahi, an ƙara mini mako guda. Haka na yi shekara bakwai, ni da nake wa mutane faɗa a kan sakaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Labarin bindiga daga gida yanzu ya zama kamar labarin ruwan sama, kullum sai an turo a waya, kuma hanyoyin da muka bi muna yara wasu ba sa biyuwa sai da rana tsaka. Ina jin da ya ga haka da ya ƙara tura akwatinsa can ƙuryar durowa, ko ma ya bar abin gaba ɗaya don kunya. A ɗaya gefen kuma da ya ga Nafisa. Tana jami’a a nan Manchester, a wurina take zaune. Ita da ƙawayenta ba su san wani abu wai shi ɓoye-ɓoye ba. Ciwon ciki, ciwon zuciya, damuwa, komai faɗa suke yi da sunansa, a gaban kowa, har wani lokaci in ji kamar in nutse. Da Yaya ya ji su da ya ce tarbiyya ta lalace. Ni ma haka nake cewa, har zuwa watan jiya.

Juma’a ce kamar kowace. Na tsaya a taga, na kunna, na leƙa da dama. Ɗigon ya koɗe. Ba ja ba ne, wani ruwa-ruwa ne mai dishi-dishi, daidai yadda ya siffanta shi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Tsoro bai ma bar ni na gwada idon hagu ba. Ina jin ƙarar jirgin ƙasan cikin gari yana wucewa, ina jin maƙwabta suna fita da yara makaranta, ni kuwa ina lalubar ƙeyata ina jiran saran da ya kayar da Baba da Yaya. Na yi kalmar shahada. Na tuna ban rama azumin da ake bi na ba. Na tuna Nafisa tana ɗaki, ita ce za ta fito ta same ni kamar yadda uwarta ta sami ubanta.

Ta fito kuwa, da kofin shayi a hannu. Ta gan ni a ƙasa, ta ga abin da ke hannuna, ta gane shi nan take. Na miƙa mata. Ta leƙa, ta juya shi, ta sake leƙawa.

“Gwaggo, it’s dim. Battery ne ya mutu.”

Na karɓa na gwada da hagu. A koɗe yake a can ma. Wannan karon batir ɗin ne da gaske. Na fashe da wani abu da ban san ko kuka ne ko dariya ba. Ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta ce in gaya mata me nake yi da kayan aikin Abba. Na gaya mata duka, tun daga ɗakin baya har ɗakin likita, abin da ni da uwarta muka rufe mata shekara bakwai. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi mini tambaya da Hausarta mai karkacewa.

“To Gwaggo, ranar da zai koɗe da gaske, ba ya riga ya yi late ba?”

Ta ce ita ma jinin nan ne a jikinta, kakanta da ubanta. Ta daɗe tana son ta je a duba ta, amma ta ga ni babba ban je ba, sai ta ɗauka ko akwai dalili. Wannan maganar ta fi koɗewar ɗigon tsorata ni. Ashe shirun da Yaya ya yi don ya kare ta, ni na karɓa na ci gaba da yi, har yana neman ya cinye ta.

Ranar Litinin muka je wurin likitar unguwarmu tare. Na sa niyya tun daga gida cewa ba zan yanke labarin ba, daga farkonsa zan ɗauko. Na zauna gaban likitar, na ce wana yana da bindigar iska, yana zuwa kulob, yana da madubin saiti mai jan ɗigo, kuma wata rana ɗigon ya koɗe masa. Da na furta kalmar bindiga na kafe ta da ido, ina jiran ta ɗago, ina jiran fuskarta ta sauya. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da rubutu, ta ce, “Wane idon ne?”

Ba zan yaudari kowa ba. Ni mace ce mai furfura, shi namiji ne mai gemu, kuma shekarun ba ɗaya ba ne. Ban san abin da za a ce masa ba da ya faɗa. Amma na zauna a kujerar nan hawaye na zuba, likitar tana miƙo mini takardar share fuska, ba ta san me na gani ba.

An ba mu ranar ɗaukar hoton, ni da Nafisa, cikin watan nan da ya cika shekara bakwai. Ban san me za a gani ba, kuma ina rubutun nan ne gabana yana faɗuwa. Abin da Yaya ya bari ba shi da yawa in an lissafa: gadojin da mutane ke bi ba su san sunansa ba, ’yar da ta fi mu ƙarfin hali, ƙanwar da ya fitar daga Gwarzo ya sa ta a hanya, da wani ɗan gilashi da ya gaya masa gaskiya tun da sauran lokaci. Fushin da nake yi da shi ya tafi ranar da na zauna a ƙasa, don ranar na san nauyin abin da ya saka a aljihu ya fita yana tambayar kuɓewa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa makwanci, ya haɗa shi da Baba cikin rahama, ku taya mu da addu’a mu ma.

Ban sa wa madubin sabon batir ba. Yana cikin durowa. Tambayar da Yaya ya mutu yana gudu, ni ba a yi mini ita ba. Wadda aka yi mini kuwa ya san amsarta tun ranar Asabar ɗin nan, kuma kalma biyu ce. Ni na ba da ita a madadinsa, bayan shekara bakwai. Na ce wa likitar, na dama.